Tauraruwa a Idon Mutumin Fadama: Nazarin Fasaha da Fafutukar Rahama Sadau

Gabatarwa

A daminar shekarar 2020, lokacin da Kogin Haɗeja ya cika ya batse, na shafe darare a bakin jinga tare da samarin unguwarmu, muna ɗura ƙasa a buhuna muna jerawa don kada ruwa ya shigo gari. Kafin nan ruwan ya riga ya shanye gonakin shinkafa da gidaje a ƙauyuka da dama na ƙasar Auyo da Kafin Hausa da Kirikasamma da Guri. Cikin waɗanda suka taso har da gwaggona, wadda ta zo gidanmu da 'ya'yanta da 'yan komatsan da ta iya tsamowa. Sana'arta gumi: ta sayi shanshera, ta jiƙa, ta turara, ta shanya, a kai inji a sheƙe, ta kai kasuwa. Jarinta kaf yana cikin buhunan da ruwa ya tafi da su.

Da dare, idan an samu caji, ƙanwata takan ɗauko waya su zauna su kalli finafinan Hausa don rage zafin zuciya. Wata rana na dawo daga jinga jikina duk taɓo, na tarar suna kallon wani fim da Rahama Sadau ta fito a ciki, a wani falo mai kujerun alfarma. Gwaggo ta ɗago ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, su waɗannan mutanen, a garinsu ba a yin ruwa ne?" Na yi dariya na ce, "Gwaggo, ai fim ne." Ta ce, "To, shi fim ɗin ba labarin mutane ba ne?" Ban samu abin da zan ce mata ba.

Bayan 'yan makonni, a farkon watan Nuwamba, ruwa bai gama janyewa daga wasu gonaki ba, sai Arewa ta ɗauki zafi a kan wasu hotuna da wannan jaruma ta wallafa. Wayoyin da ban ga sun damu da jingarmu ba suka kwana suna muhawara a kan rigarta. Tun daga lokacin nake juya tambayoyi biyu a raina. Ta farko: da wane ma'auni ya kamata mu auna 'yar wasa? Ta biyu ita ce ta gwaggo: labarin wa ake ba mu? Wannan maƙala ƙoƙari ne na amsa su ta hanyar duba ayyukan Rahama Sadau da abin da ake kira fafutukarta. Ra'ayina shi ne, mun tsananta mata a inda ya kamata mu sassauta, mun kuma yi shiru a inda ya kamata mu tambaye ta.

Daga Kaduna Zuwa Allon Duniya

An haifi Rahama Ibrahim Sadau a Kaduna ranar 7 ga Disamba, 1993. Ta shiga masana'antar Kannywood a 2013 ta hannun Ali Nuhu, kuma fim ɗin Gani Ga Wane na cikin waɗanda suka fara fito da sunanta. Masana'antar da ta shigo ta riga ta yi shekara ashirin da 'yan kai, domin an saba ƙirga farkonta daga Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar a 1990. Sai dai ta shigo ne a daidai lokacin da kasuwar faifai ta fara durƙushewa saboda satar fasaha da tura finafinai a waya, tashar Arewa24 kuma tana shirin buɗewa a 2014 da salon shirye-shirye masu dogon zango.

Cikin shekara biyu ta zama ta sahun gaba. Ta karɓi kambun gwarzuwar jarumar Kannywood na mujallar City People a 2014 da 2015, sannan a 2015 aka karrama ta a Landan a bikin da jaridar African Voice ke shiryawa. A 2016 ta fito a shirin talabijin na Sons of the Caliphate na tashar EbonyLife. A 2017 kamfaninta, Sadau Pictures, ya fitar da Rariya. A 2018 aka gan ta a shirin MTV Shuga da kuma fim ɗin Up North. A 2020 ta shirya Mati a Zazzau, a 2022 ta fito a fim ɗin Indiya mai suna Khuda Haafiz kashi na biyu, a 2023 kuma manhajar Netflix ta nuna The Plan da War: Wrath and Revenge. A tsakanin waɗannan ayyuka ta yi digiri a fannin kula da ma'aikata a Jami'ar Eastern Mediterranean da ke Arewacin Saifurus.

Na jero waɗannan ne domin mai karatu ya ga girman aikin da muka bari a gefe. Idan aka tsayar da mutum goma a kasuwar Haɗeja aka ce su faɗi abin da suka sani game da ita, ina kyautata zaton mafi yawansu da rigima za su fara kafin su tuna sunan fim.

Abin da Ke Kan Allo

Yabon gwani ya zama dole. Babbar baiwar Rahama Sadau, a ganina, ita ce ta san kyamara ta fi ɗan kallon dandamali kusa da fuska. Wasan Hausa na bidiyo ya gaji abubuwa da yawa daga wasan daɓe da na rediyo, inda ake ɗaga murya a faɗi duk abin da ke zuci da baki. Shi ya sa jarumai da dama, idan an ce su nuna ɓacin rai, sai su sanar da shi da dogon jawabi. Ita kuwa takan bar ido da motsin leɓe su yi rabin aikin, ta jinkirta amsa kaɗan har mai kallo ya ji nauyin maganar da aka faɗa mata. Ga ta kuma da sauƙin harshe: tana wasa da Hausa da Ingilishi, tana kuma jin Indiyanci, abin da ya buɗe mata ƙofofin da suka rufu ga tsararrakinta.

Rariya shi ne aikin da na fi ɗauka da muhimmanci, domin a nan ba haya aka ɗauke ta ba, ita ta zaɓi labarin ta zuba kuɗinta, Yaseen Auwal ya ba da umarni. Fim ɗin ya leƙa rayuwar 'yan mata ɗalibai masu fuska biyu, ɗaya ta gida ɗaya ta waje, da kuma manyan mutane masu kuɗi da ke farautarsu. Ƙarfinsa shi ne bai tsaya ga tsine wa yarinya ba. Ya juya fitila ya haska mai motar da ke jiran ta a ƙofar makaranta, wanda sau da yawa sa'an mahaifinta ne, kuma ana girmama shi a unguwarsu. Wannan ba ƙaramar jarumta ba ce ga mace matashiya wadda a lokacin take ƙarƙashin hukuncin kora. Rauninsa kuwa shi ne wanda ya zama ruwan dare a masana'antar: kyamara tana lasar motoci da sutura da ɗakunan otal har ta kusa mayar da abin da take gargaɗi a kansa abin sha'awa. Yarinyar da ke kallo a Malam Madori za ta iya tashi da darasin, za ta iya kuma tashi da kwaɗayin.

Mati a Zazzau ya nuna wani ɓangare na hankalinta a matsayin mai shiryawa. Barkwanci ne da aka gina a kan Mati, mayaudarin da Sadiq Sani Sadiq ya fito a matsayinsa, aka kuma kashe kuɗi wajen sutura da wurin ɗauka da hoto mai tsabta domin gidan silima. Ta yarda wani ya ja ragamar labarin, ita ta tsaya a inda labarin ya ajiye ta. Tauraron da ya iya wannan ya fahimci cewa fim aikin gayya ne.

A ayyukanta na Turanci ne nake da ja. A Sons of the Caliphate da ci gabansa War: Wrath and Revenge, ta fito a matsayin Binta, mace mai dogon buri a cikin gidajen mulki da dukiya na wata ƙirƙirarriyar jiha mai suna Kowa. Ta riƙe rawar da ƙarfi, kuma abin a yaba ne a ga 'yar Arewa a allo tana ƙulla siyasa maimakon zaman jiran a sake ta ko a yi mata kishiya kawai, ko da yake a ƙarshe kishin ne ya zama man da ke tura labarin. Amma Arewar da ke cikin waɗannan shirye-shirye ta fada ce da filin folo da jirgin sama. A Up North, wanda Tope Oshin ta ba da umarni aka ɗauka a Bauchi, ta fito a malamar makaranta, sai dai labarin na ɗan mai kuɗin Legas ne da ya zo hidimar ƙasa ya gano kansa. Arewa a nan madubi ce da baƙo ke duba fuskarsa. Duk ƙwarewar 'yar wasa, ba ta iya wuce iyakar da marubuci ya shata mata, kuma sau da yawa abin da marubutan Kudu ke buƙata daga gare ta shi ne ta zama alamar 'yar Arewa mai wayewa, a yafa mata gyale a ba ta 'yan kalmomin Hausa.

Hukuncin 2016 da Hayaniyar 2020

A watan Oktoba na 2016 ƙungiyar masu shirya finafinai ta MOPPAN ta sanar da korar ta daga Kannywood saboda fitowar da ta yi a bidiyon waƙar mawaƙin nan na Jos, ClassiQ, inda aka ga sun riƙe hannu sun rungumi juna. Ta nemi afuwa, kuma a farkon 2018 aka janye hukuncin. A Nuwamban 2020 ta wallafa hotuna sanye da rigar da ta bar bayanta a buɗe. Wani ya yi kalaman ɓatanci ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a ƙarƙashin hotunan. Ta goge su, ta barranta daga kalaman, ta fito a bidiyo tana kuka tana neman gafara.

Ba na cikin masu cewa al'umma ba ta da hakkin shata iyaka. Kowace masana'antar fim a duniya tana aiki ne cikin abin da masu kallonta za su iya ɗauka, kuma Kano tana da hukumar tace finafinai tun 2001. Ni Musulmi ne, Bahaushe, kuma da ƙanwata ce ta yi waccan shiga da na yi mata faɗa. Wanda ya ci abinci da sunan Hausawa, dole ya san abin da ke sosa musu rai. A nan masu sukarta suna da hujja, ita ma da bakinta ta amsa kuskure.

Inda na rabu da su wuri uku ne. Na farko, rashin daidaito. Mutum biyu ne a bidiyon 2016. Gaskiya ne mawaƙin ba ɗan ƙungiyar ba ne, don haka ba ta da iko a kansa. Amma mu jama'a da ba mu da wannan uzuri, tsinuwarmu kusan duk a kan macen ta sauka. Na biyu, ɗora wa mutum laifin wani. Wanda ya yi ɓatanci shi ne mai ɓatanci, kuma addininmu bai yarda a kama wani da zunubin wani ba. A yi mata nasiha a kan sutura daidai ne. A haɗa ta da wanda ya zagi Annabi, har wasu su riƙa kiran a zubar da jininta, wannan zalunci ne. Na uku, wanda ya fi shafar ɗalibin adabi, shi ne yadda hukuncin ɗabi'a ya maye gurbin nazari. Mun iya cewa wance ta yi fitsara, amma ba mu koyi cewa wannan labari ya yi rauni a tsakiya, ko wannan hali ba a gina shi da kyau ba. Masana'antar da ba ta samun mai gyara mata aiki sai mai yi mata bulala, za ta koyi ɓoye laifi, ba za ta koyi inganta aiki ba.

Ya kamata a tuna cewa a wannan shekara ta 2016 ne gwamnatin tarayya ta janye shirin gina alƙaryar finafinai a Kofa ta Jihar Kano bayan adawar wasu malamai da jama'a. Ke nan korar Rahama reshe ne na wata tsohuwar jayayya: al'ummar da ke kallon fim dare da rana, amma ba ta amince da masu yin sa ba. Sakamakon korar ma abin lura ne. Ba a rufe shekarar ba sai da mawaƙi Akon da darakta Jeta Amata suka gayyace ta Amurka, ƙofofin Legas kuma suka ƙara buɗewa. Ruwan da aka datse bai tsaya ba, hanya ya sauya, kuma mu mutanen fadama mun fi kowa sanin gonar da ke asara idan ruwa ya sauya hanya. Wadda ta fi iya ɗaukar labarin Hausa zuwa waje, mu da kanmu muka tura ta ta je ta yi wa wasu aikin labarinsu.

Taimako Daban, Fafutuka Daban

Ana yawan kiran taurarinmu 'yan fafutuka da zarar sun kafa gidauniya. Rahama Sadau tana da tata mai suna Ray of Hope, wadda ke tallafa wa marayu da mabuƙata, kamar yadda Hadiza Gabon ta kafa gidauniyar HAG a 2016. Ba na raina wannan. Wanda bai taɓa kwana da yunwa ba ne kaɗai ke yi wa buhun shinkafar sadaka dariya, kuma na ga ranar da gwaggona, mai sayar da shinkafa, ta miƙa hannu ta karɓi ta taimako. Allah Ya saka wa duk mai bayarwa.

Sai dai taimako yana share hawaye ne, fafutuka kuwa tana tambayar abin da ya jawo kukan. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri sau da dama a zamanin NEPU saboda neman 'yancin mata na jefa ƙuri'a da yaƙi da auren dole. Nana Asma'u ta tsara 'yan taru, ta tura jajis ƙauyuka suna karantar da mata. Idan da wannan ma'auni za a auna, rabon kayan azumi alheri ne, amma bai kai a kira shi gwagwarmaya ba, kuma ba mu yi wa kowa adalci ba idan muka cakuɗa sunayen.

A wurina fafutukar Rahama ta gaskiya tana wasu wurare biyu da ba a cika ambato ba. Na farko shi ne mallakar aiki. A Kannywood an saba 'yar wasa ta haskaka shekara biyar ko shida, ta yi aure ta ɓace, ko a sauya ta da sabuwar fuska, alhali maza suna tsufa a cikin sana'ar suna zama masu kamfani. Macen da ta kafa kamfani tana da shekara ashirin da 'yan kai, ta ɗauki darakta da marubuci da manyan jarumai maza aiki, ta sauya wannan lissafi. Ba ita ta fara ba. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, marubuciyar Alhaki Kuykuyo Ne da Wa Zai Auri Jahila?, ta riga ta shiga shirya fim. Amma Rahama ta yi nata a lokacin da aka ce an rufe mata ƙofa, kuma 'yan mata masu tasowa sun gani.

Na biyu shi ne rawar da ta taka a MTV Shuga, inda ta fito a matsayin Yasmin, malama kuma matar aure 'yar Arewa, Yakubu Mohammed yana mijinta, labarinsu kuma ya taɓo batun tazarar haihuwa da shawara tsakanin miji da mata. Wannan magana ce da ke kashe mata a yankinmu saboda kunya ta hana a yi ta. Duk wanda ya taɓa ɗaukar mai naƙuda a kwalekwale da daddare saboda ruwa ya yanke hanya ya san ba batun ado ba ne. Amma ga inda gizo ke saƙa: shirin mafi yawansa da Turanci da Turancin buroka aka yi shi, a Legas aka gina shi, kuma ta tauraron ɗan'adam da intanet ya fi yawo. Matar da ta fi buƙatar saƙon, wadda ke Guri ko Birniwa, ita ce ta ƙarshe da zai isa gare ta.

Fadamar da Kyamara Ba Ta Gani Ba

Yanzu sai in koma ga tambayar gwaggo. Kogin Haɗeja ya samo asali ne daga haɗuwar Kogin Kano da Kogin Calawa, ya ratsa Wudil da Ringim ya iso mu, sannan ya bazu cikin dausayin Haɗeja da Nguru, inda ruwansa ke haɗuwa da na Jama'are su nufi Tafkin Cadi ta Komadugu Yobe. Kafin a gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da ta Calawa a 1992, kogin yakan cika da damina ya ja baya da rani, mutane kuma sun tsara rayuwarsu a kan wannan numfashi: shinkafa idan ya zo, kamun kifi yana janyewa, noman rani da kiwo a inda ya bari. Da aka koma sakin ruwa duk shekara, sai ciyawar kacalla ta samu wurin zama, ta haɗu da yashi ta toshe hanyoyin ruwa. Wani gari ya nutse, wani kuma ruwan ya daina isa gare shi. Kacallar ta zama maɓoyar tsuntsaye jan-baki masu cinye amfanin gona. Filin kiwo ya ƙuntata, manomi da makiyayi suka fara hararar juna. A 2022, shekarar da hukumomi suka ce ambaliya ta kashe fiye da mutum 600 a faɗin Najeriya, Jigawa na cikin jihohin da suka fi jin jiki.

Duk abin da marubucin wasa ke nema yana nan. Ga matar da ta ci bashin shanshera ruwa ya tafi da ita, mai bashi kuma yana da ɗa da ke son 'yarta. Ga mai bandar kifi da ke riƙe da gida saboda komar mijinta ta daina kamu. Ga ƙauyuka biyu da aure ya haɗa, jinga ta raba, domin duk wanda ya tare ruwa daga gonarsa ya tura shi gonar ɗan'uwansa. Ga tarihi ma: Sarki Buhari da ya yi wa Sakkwato tawaye, da Sarki Muhammadu da ya yi shahada a yaƙin Turawa na 1906. Amma a duk finafinan Hausa da na kalla tun ina yaro a gidajen kallo, ƙauye wuri ne da ake zuwa a ɗauko 'yar aiki, ko a yi wa baƙauye dariya, ko a nemo boka.

Na san dalilan. Masana irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu sun yi bayanin yadda fim ɗin Hausa ya ginu a kan tsarin na Indiya, na soyayya da waƙa da rawa. Ɗaukar fim a falo ɗaya a Kano ya fi araha a kan kwasar ma'aikata da janareta zuwa Baturiya. Kuɗin YouTube kuma yawan masu kallo yake bi, masu shiryawa suna tsoron abin da ba a gwada ba. Akwai ma mai cewa talaka ba ya son ganin talaucinsa a allo, hutu yake nema. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, amma shirin Daɗin Kowa na Arewa24 ya shekara da shekaru yana jan jama'a da rayuwar masu ƙaramin ƙarfi, har da waɗanda rikici ya raba da gidajensu. Gwaggo ba ta ce a daina nuna falo ba. Tambaya ta yi ko akwai ranar da za a zo garinsu.

Za a iya cewa rashin adalci ne a ɗora wa mace ɗaya, 'yar Kaduna, nauyin fadamar da ba ta taɓa zama a cikinta ba. Na yarda ba bashi muke bin ta ba. Dalilin da ya sa na ambace ta shi ne tana cikin 'yan ƙalilan da suka haɗa abubuwa ukun da aikin ke buƙata: kamfani, da sunan da masu zuba jari na waje suka sani, da ƙarfin halin taɓa abin da ake tsoro. Ba a tambayar gurgu ya ɗauko kaya daga rumbu.

Laifi kuma tudu ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma labarin jinga ba zai rubutu daga Kaduna ko Legas ba. Muna da Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Binyaminu Usman a Haɗeja, cike da matasa masu karatu. Mu nawa ne muka zauna muka rubuta wasan da za a iya miƙa wa mai shiryawa? Ni kaina ban tsira ba. Ƙanwar tawa da ke riƙe wa gwaggo waya ta taɓa ce mini, "Yaya, ni fa ina son in koyi rubuta fim." Na ce ta rufa mana asiri, kada ta ja mana zagi a gari. Rubutu ta ce, ba ma fitowa ba, amma tsoron abin da na ga an yi wa Rahama ya sa na kashe maganar. Daga baya na gane cewa duwatsun da muka jefi tauraruwar da su ba a Kaduna kaɗai suka sauka ba. Ɗaya ya faɗo a tsakar gidanmu, kuma da hannuna na jefa shi.

Kammalawa

Na auna Rahama Sadau da ma'auni uku. A fasaha, 'yar wasa ce mai sanin sirrin kyamara, wadda aikinta ya fi nauyi idan ita ke riƙe da labarin da harshenta, ya kuma fi sauƙi idan aka ɗauke ta ta wakilci Arewar da wasu suka zana. A ɗabi'a, ta yi kurakuran da ta amsa, mu kuma mun hukunta ta fiye da kima, muka bar mazan da ke gefenta da kuma aikin da ya kamata mu nazarta. A fafutuka, gidauniyarta alheri ce, amma abin da tarihi zai fi riƙewa shi ne ta mallaki aikinta a lokacin da aka so ta ɓace, ta kuma yarda ta faɗi maganar lafiyar mata a bainar jama'a. Abin da ya rage mata, kuma ya rage wa masana'antar baki ɗaya, shi ne ta juyo da kyamara wajen matan da suka fi kowa kallon ta.

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ina fata ɗaliban adabi za su ɗauki fim ɗin Hausa da irin muhimmancin da suke ba ƙagaggen labari da rubutacciyar waƙa, su yaba da hujja, su kushe da hujja. Gwaggo ta koma ƙauyensu bayan ruwa ya janye, ta sake cin bashi ta ɗora tukunyar gumi. Ƙanwata kuwa na je na ba ta haƙuri, na sayo mata littafin rubutu mai kauri. Ta fara da daren da ruwa ya shigo, kuma ta ce idan ta gama, ta san jarumar da take so ta fito a matsayin gwaggo.